Ƙaryar Wendell a Hanyar Shoshoni

Tun kafin su ga hayaƙi Ardith ta ce tana jin ƙauri. Mijinta, Wendell Hruska, ya ce mata kwalta ce rana ta narka. Bai rufe baki ba ya hango a madubi wani farin hayaƙi yana tashi daga ƙarƙashin tirelarsu ta kwana, ta ɓangaren dama. Ya rage gudu, ya gangara gefen titi, ya kashe a-kori-kurar. Ƙarfe goma sha ɗaya ne na safiyar wata Alhamis a tsakiyar Yuli. Sun baro Casper da mil sittin, saura kusan arba'in su kai Shoshoni, ko'ina ka duba fili ne fetal, babu bishiya ko ɗaya.

Ya zagaya ya tsuguna, bai kuwa buƙaci kowa ya gaya masa abin da ya faru ba. Boris ɗin tayar baya ne, wanda tayar ke juyawa a kansa, ya ƙone ƙurmus. Tayar ta karkace kamar haƙori mai girgiɗa, ƙarfen ya ɗauki zafin da hannu ba ya iya kusantarsa. Tun cikin bazara ya kamata ya kwance tayoyin nan huɗu ya sa musu giris, amma gwiwa ta matsa masa, ya ce sai mako mai zuwa, mako mai zuwa ya zama wata uku.

Da wani ne, da abin bai wuce tsautsayin hanya ba. Amma Wendell shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba lafiyar motocin 'yan makaranta a gundumarsu ta Nebraska, direba na hango shi da allon rubutunsa sai gabansa ya faɗi. Da ya yi ritaya suka sayi tirela suka shiga ƙungiyar tsofaffi masu yawo da gidajensu a bayan mota, sai ya koma duba na abokan tafiya ba tare da an roƙe shi ba. Ya taɓa tsayar da Gus Lindqvist a gaban mutane ya karanta masa laifuffukan tirelarsa ɗaya bayan ɗaya, har matar Gus ta shige ciki ta rufe ƙofa. Gobe da safe ma, a taron shekara da za a yi a bakin dam, shi aka ba jawabi kan abin da ya kamata mutum ya duba kafin ya kama hanya. Takardar jawabin na aljihun gaban rigarsa, giris ne magana ta biyu a ciki. Abin da ya fi tsaya masa a rai kuma, sauran 'yan ƙungiyar, tirela goma sha ɗaya da Gus a kan gaba, za su taso daga Casper bayan abincin rana, kuma hanyar ɗaya ce.

Ardith ko a jikinta. Ta fito da kujerar naɗewa ta kafa a 'yar inuwar da tirelar ta yi, ta ɗora faranti a cinya tana yanka kankana. Ta ce masa ai saboda irin wannan rana suka yi rajista da kamfanin agajin hanya, ya kira su kawai. Ya ɗauki katin da wayarsa ya hau wani ɗan tudu inda waya ke kamawa.

Wata mai sanyin murya ce ta ɗauka, ta ce sunanta Renata. Ta tambayi lambar katinsa, tsawon tirelar, da inda suke, ta bar shi yana sauraron kiɗa na wani lokaci, sannan ta dawo ta ba shi haƙuri. Janwe ɗaya ce a yankin mai iya ɗaukar irin nasu, kuma an riga an tura ta wajen wani, ga wani kuma yana jira. Zai kai awa huɗu ko biyar kafin a zo kansu.

Wendell ya dubi agogo. A ransa ya ga tirela goma sha ɗaya suna rage gudu ɗaya bayan ɗaya, ya ga Gus yana saukowa da murmushin nan nasa, hannu a aljihu.

"Kafin mu rufe, yallaɓai," in ji Renata, "duk kuna lafiya? Akwai marar lafiya ko ƙaramin yaro a tare da ku?"

Gaskiya Ardith na shan rabin ƙwayar hawan jini kowace safiya. A kan wannan rabin ƙwayar ya ɗora sauran. Ya ji bakinsa yana cewa matarsa na da ciwon zuciya, zafin nan ya fara galabaitar da ita, numfashinta yana sama-sama. Maganar ta fito sumul, kamar ya daɗe yana shirya ta. Muryar Renata ta canza nan take. Ta ce za ta kira motar asibiti, ya ce a'a, abin bai kai nan ba tukuna, a dai fitar da su daga ranar nan da wuri. Ta nanata, ya ƙi. Ta ce to ya sa ta a inuwa, ya jiƙa tsumma ya ɗora mata a wuya, kada ya bar ta ita kaɗai, ita kuma za ta ga abin da za ta iya yi. Ta tambayi sunan matar, ya gaya mata.

Da ya sauko, Ardith ta miƙa masa yankan kankana ta tambayi me suka ce. Ya ce suna hanya. Ya karɓa ya riƙe, bai ci ba, ruwanta yana bin hannunsa.

Ba a yi awa guda ba sai ga janwe ta taho daga yamma da gudun da bai dace da girmanta ba, fitilun samanta suna juyawa. Ta sha kwana ta tsaya a bayansu. Wadda ta diro mace ce ƙaƙƙarfa mai kimanin shekara hamsin da biyar, gashinta ya yi furfura, an rubuta Twila a ƙirjin rigar aikinta. Ko kallon tayar ba ta yi ba. Ta sunkuto wata tsohuwar kula ja da jarkar ruwa ta nufi Ardith kai tsaye, ta durƙusa a gabanta ta kama wuyan hannunta.

"Sannu, Mama. Ya ƙirjin? Yana ɗaure miki ne, ko numfashin ne kawai?"

Ardith ta dube ta, ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Shekara arba'in da uku suna tare, kallo ɗaya ya ishe ta. Wendell ya tsaya yana jiran ta ce wane ƙirji, har ya fara shirya abin da zai ce, cewa an yi rashin fahimta ne a waya. Sai ya ga ta ajiye farantin a ƙasa a hankali, ta ɗora tafin hannu a ƙirji.

"Da sauƙi yanzu, 'yata," in ji ta. "Ya lafa."

Ardith mace ce da ko canji aka yi kuskuren ƙara mata a kanti sai ta juya mota ta mayar. Bai taɓa jin ta yi ƙarya ba, ko irin wadda ake yi wa jikoki don su ci abinci. Kunnuwanta suka yi ja, ta sunkuyar da kai, ta bar Twila tana naɗe ƙanƙara a tawul tana ɗora mata a wuya. Twila ta kai ta gaban janwe ta kunna mata sanyi, ta ɗauki waya ta shaida wa Renata cewa ta iso kuma matar tana magana. Wendell yana jin muryar Renata daga inda yake tsaye tana godiya ga Allah.

Sannan Twila ta koma kan tayar. Ta sa jak ta ɗaga, ta cire tayar, ta leƙa ta ga yadda boris ya bushe ƙamas. Ta ɗaure ƙarfen da sarƙa yadda tirelar za ta iya rarrafawa da taya uku zuwa garejinta a Shoshoni. Tana aiki tana magana, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Ta ce wanda aka fara tura ta wajensa wani dattijo ne mai kiwo, Emmett Sayles, yana mil goma sha takwas daga nan. Lagireton motarsa ne ya fashe, yana jan tirelar dawaki da doki biyu a ciki. Har ta tsaya a wajensa ta sauke kayan aiki kiran ya shigo. Da ta gaya masa akwai mai ciwon zuciya a gaba, shi da kansa ya mayar mata da akwatin sifanu cikin mota ya ce ta tafi, dabba ba ta gaban mutum. Kular nan ja da jarkar ruwan ma nasa ne, ya ce a kai wa baiwar Allah.

Wendell ya tambaya ko dattijon ya rage wa kansa ruwa. Twila ta ce ba ta tsaya dubawa ba.

Suka kama hanya, janwe a gaba da Ardith a ciki, shi a baya shi kaɗai yana jan tirela da tafiyar da ba ta fi ta keke ba. Kusan awa guda suka yi a mil goma sha takwas ɗin nan. Yana iya hango ƙeyar matarsa ta gilashin bayan janwen, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Ya yi ta gaya wa kansa cewa doki dabba ce mai juriya, masu kiwo kuma sun saba da rana, awa biyu ba wani abu ba ne. Ya kunna rediyo, ya kashe.

Tun daga nesa da ya hango tirelar dawakin ya gane ba lafiya. An sauke dawakin daga tirela, don cikinta ya zama tanda. Ɗaya yana tsaye a ɗaure, kansa a sunkuye. Ɗayar, goɗiya fara, tana kwance a kan gefenta cikin tsakuwa, wani dogon tsoho siriri yana durƙushe a kanta yana yi mata fifita da malafarsa. Da suka tsaya, tsohon ya miƙe da ƙyar. Bai nufi Twila ba, tagar da Ardith take ya nufa, malafa a ƙirji.

"Ya jiki, uwargida? Allah ya ƙara sauƙi. Tun ɗazu hankalina na kanki."

Leɓunansa sun bushe sun tsattsage. Ardith ta kawar da kai. Sai kawai ta tura ƙofa ta diro, ta dubi mijinta ta ce masa akwai ruwa cike da tankin tirela, ya buɗe famfon waje, ya fito da bokitai.

Goɗiyar sunanta Pearl, shekararta ashirin da huɗu. Jikinta ya daina gumi, haƙarƙarinta yana hawa yana sauka da sauri, hancinta a buɗe. Emmett ya ce tun kusan rabin awa ta faɗi, ya kira likitan dabbobi daga Riverton amma sai ya gama da wata saniya. Suka yi layi. Wendell yana tara bokiti a famfo, Ardith tana ɗauka da gudu, Emmett yana kwarara wa goɗiyar a wuya da ƙirji da tsakanin ƙafafu, yana sharce ruwan da hannu da zarar ya ɗumama. Twila ta ja rumfar tirelar Wendell ta buɗe don inuwa ta kai kan dabbar, ta juye sauran ƙanƙarar kular cikin bokiti. Emmett ya yi ta roƙon Ardith ta zauna saboda zuciyarta, ita kuwa ko sauraronsa ba ta yi, bokiti biyu take ɗauka a lokaci guda, siket ɗinta ya jiƙe sharkaf. A karo na shida ko na bakwai Wendell ya ga Twila ta tsaya cak tana kallon Ardith tana gudu da ruwa. Daga nan ta juyo ta dube shi. Ba ta daɗe tana kallonsa ba, ta koma aikinta, amma ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa.

Suna cikin haka ayarin ya iso. Tirela goma sha ɗaya suka jeru a gefen titi, tsofaffi suka firfito da huluna da tabarau. Babu wanda ya zagaya ɓangaren dama ya ga taya uku da sarƙa. Abin da suka gani shi ne tirelar Wendell da rumfa a buɗe a kan doki, da Wendell jiƙe da ruwa yana jan bokiti da gurguwar gwiwarsa. Suka kawo nasu ruwan, wani ya kawo fanka mai batir. Ana cikin wannan hidima Pearl ta ɗaga kai, ta yunƙura ta koma, ta sake yunƙurawa, Emmett yana jan ragama yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, har ta miƙe tana rawar ƙafa. Matan suka yi tafi. Gus Lindqvist ya zo ya dafa kafaɗar Wendell.

"Tsoho, na sha zaginka a bayan ido, ba zan ɓoye maka ba," in ji shi. "Na ce ba ka da aiki sai neman laifin mutane. Amma mota nawa ta wuce bawan Allahn nan ba ta tsaya ba? Kai ka tsaya. Yau ka rufe min baki."

Bernice, matar Gus, ta ɗauki hotonsa da bokiti a hannu ta ce sai an sa a takardar ƙungiya. Wendell ya tsaya kamar an dasa shi. Ya san nan ne wurin magana, mutane duk suna nan, kalma biyar ta isa. Ya dubi Ardith, tana matse bakin siket ɗinta, ba ta dube shi ba. Ya ce wa Gus su yi gaba kada a rufe musu ƙofar sansanin taron, su za su biyo baya. Ayarin ya tashi ana yi masa hon ana ɗaga hannu.

Da ƙarar motocin ta ɓace, wurin ya yi tsit, sai numfashin goɗiyar. Twila ta shige ƙarƙashin motar Emmett. Ardith ta cika kofi da ruwa ta ba tsohon, ya shanye a tsaye, ta sake cikawa. Wendell ya ajiye bokitin ya matso. Ya cire hularsa, ya ga bai san abin da zai yi da ita ba, ya mayar.

"Malam Emmett, matata lafiyarta ƙalau," ya ce. "Ba ta da ciwon zuciya, ba ta taɓa yi ba. Ni na faɗa a waya don a zo kaina da wuri. Ita ba ta ma san na faɗa ba."

Ƙarar sifana ta tsaya a ƙarƙashin mota. Emmett ya daɗe yana shafa wuyan goɗiyar kafin ya tambaye shi saurin me yake yi, ko wani ne ba lafiya a gaba, ko jana'iza. Wendell ya so a ce yana da irin wannan amsa. Ya ce babu ko ɗaya, mutanen nan da suka wuce ne ba ya so su gan shi a lalace a gefen hanya.

"Su ɗin nan da suka yi maka tafi?"

"Su."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi wa Wendell sauƙi. Ya ce shi ba mai yawan zuwa coci ba ne, amma yau ya durƙusa a kan tsakuwar nan yana roƙon Allah, kuma ba don Pearl ba, don wata mata da bai taɓa gani ba. Ya ce har ya gaya wa Ubangiji in dole sai an ɗauki ɗaya, a ɗauki dabbar. Sannan ya miƙa wa Wendell igiyar goɗiyar.

"Riƙe ta. Kada ka bari ta kwanta. Zan je in taya yarinyar nan."

Haka Wendell ya tsaya riƙe da igiya kusan awa biyu, duk lokacin da goɗiyar ta fara lanƙwasa gwiwa sai ya ja ta su taka kaɗan. Babu wanda ya yi masa magana. Likitan ya zo wajen la'asar ya ɗaura mata ruwa, ya duba kofatanta na gaba ya ce sun yi zafi, ba ya son yadda take tsayuwa, sai an ga kwana biyu. Da aka gama gyara, Emmett ya loda dawakinsa, ya yi wa Ardith sallama da malafa a hannu, ya gode mata da ɗaukar ruwa. Ya ɗauki kularsa ja ya sa a mota. Wendell ya miƙa masa hannu, tsohon ya karɓa ya saki ba tare da ya dube shi ba.

A garejin Twila aka ce sai an yi odar ƙarfen tayar daga Billings, kwana uku. Ta nuna musu inda za su ajiye tirela a bayan gareji, tsakanin tarin tsofaffin tayoyi da wata motar gona da ta mutu, ta jawo musu wayar lantarki. Wendell ya bi ta ofis ya fara ba ta haƙuri. Ta bar shi ya gama, tana wanke hannu. Ta ce ita ta saba, a aikin nan an yi mata ƙarya iri-iri, har mai naƙudar da babu ciki ta gani. Abin da ya ɓata mata rai shi ne ta yi gudun da ba ta taɓa yi da janwe ba, kuma gobe in wani ya ce matarsa ba lafiya sai ta tsaya tana tunani, alhali da ba ta tunani. Ta ƙara da cewa yarinyar nan Renata sau uku tana kira tana tambayar Mama Ardith, ita ba ta gaya mata komai ba, ba aikinta ba ne.

Washegari da safe ya kira kamfanin ya nemi Renata. Wani saurayi ne ya ɗauka, ya ce ma'aikatansu sun fi ɗari a garuruwa uku, ba a haɗa mai kira da wani ta suna. Ya tambaya ko ƙorafi yake son shigarwa. Wendell ya ce a'a, haƙuri yake son bayarwa, ya yi bayani tun daga farko. Saurayin ya saurara, ya ce bai ga gurbin da zai rubuta wannan ba, amma zai sa a bayanan katinsa. Daga ƙarshe ya tambaye shi ko ya gamsu da yadda aka taimake shi jiya. Wendell ya ce ya gamsu.

A daidai lokacin ne ya kamata a ce yana tsaye a bakin dam yana jawabi. Ya aika wa Gus saƙo cewa mota ta ba su matsala, bai faɗi wace iri ba. Ardith ta dafa ƙwai ta ajiye masa, ta zauna a ɗaya gefen teburin da kofin shayinta. Tun jiya ba ta yi masa magana da ta wuce ta ruwa da bokiti ba. Ya ce mata ya san ya jawo mata abin kunya.

"Ba kai ka sa hannuna a ƙirji ba, Baban Gwen," in ji ta. "Ni na sa. Na ga fuskarka, na ji tausayinka, na yi. Da na ce ban san zancen ba, da matar nan ta juya tun a lokacin, da an rage wa dabbar nan awa guda. Wannan nawa ne, kada ka haɗa da naka."

Bai taɓa tunanin haka ba. Ya so ya ce mata ba haka ba ne, amma ya san lissafinta daidai ne.

Ran Asabar Bernice ta zo da mota ta ɗauki Ardith zuwa cin abincin rufe taro. Wendell ya ce gwiwarsa ta kumbura, kuma ta kumbura ɗin. Ya wuni a bayan gareji yana kallon karen Twila yana bin inuwa. Da yamma Ardith ta dawo ta ajiye masa faranti rufe da takarda, ta gaya masa tana cire takalmi cewa ta hana a sa hoton, kuma da Bernice ta matsa da tambayar dalili ta gaya mata komai, har da nata. Ta ce ya san gaya wa Bernice gaya wa ƙungiya ne. Wendell ya jira fushi ya zo, bai zo ba. Ya buɗe farantin, naman gashi ne da wake da masara, ya ci fiye da yadda ya ci a kwana biyun da suka wuce.

Ranar Litinin da za su tafi, Twila ta gaya musu ta yi waya da Emmett. Pearl ta rayu, tana cin ciyawa, amma kofatan sun taɓu, likita ya ce ba za a ƙara hawanta ba. Emmett ya ce da ma ta tsufa, zai bar ta a makiyayar bayan gida. Wendell ya karɓi adireshinsa. Daga Nebraska ya rubuta masa wasiƙa, ya yayyaga uku kafin ya aika ta huɗu, wadda ba ta wuce layi shida ba. Amsa ba ta zo ba.

Gus bai kira shi ya yi masa dariya ba, kamar yadda ya zata. Babu wanda ya kira. Da shekara ta zagayo aka aiko musu da takardar taro, an ba wata mata daga Kansas jawabin safe. Wendell ya ce ba za shi ba, Ardith ta ce ita za ta, in ya so ya zauna ya yi gadin gida. Suka tafi tare. Ya zauna a kujerar baya kusa da tukunyar shayi, wasu suka gaishe shi, wasu suka yi kamar ba su gan shi ba. Matar Kansas ta yi kuskure biyu a kan iskar taya, ya ji su sarai, ya bar su suka wuce. Da aka tashi, Gus ya zo ya zauna kusa da shi da kofi biyu, ya miƙa masa ɗaya, ya fara ba shi labarin aikin ido da za a yi masa a watan gobe.